A Auna Ɗan Takara Da Mudun Kasuwa

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, Kafanchan

Ni ba ɗan boko ba ne, a Islamiyya karatuna ya tsaya, sauran kuma a bakin rumfa na koye shi. To da abin da rumfa ta koya mini zan yi magana a kan masu neman shugabancin ƙasa da tattalin arziki.

Dattawa za su tuna zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Lokacin ina saurayi, ina yaron shago. Alhaji M.K.O. Abiola ya tsaya a SDP, Alhaji Bashir Tofa na Kano a NRC, har aka zaunar da su muhawara a talabijin. Shirin SAP da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986 ya karya darajar naira, kaya sun yi tsada, talaka ya jigata. Abiola ya yi alkawarin sallamar talauci, jama'a kuma suka saurare shi. Shi da mataimakinsa Babagana Kingibe duk Musulmi ne, amma Kiristoci da yawa sun zaɓe su, har jihar Kano ya kayar da Tofa. An soke zaɓen, amma darasin ya zauna: idan ciki ya yi kuka, mutane kan manta da kabila. A lokacin litar fetur kwabo 70 ce. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Shonekan ta kai ta naira 5.

Mu dawo zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023. Kowane ɗan takara yana da tarihin da za a iya dubawa. Bola Tinubu ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007, magoya bayansa suna alfahari da haɓaka harajin jihar. Atiku Abubakar a matsayin mataimakin shugaban ƙasa shi ya jagoranci majalisar sayar da kamfanonin gwamnati. Peter Obi ya mulki Anambra daga 2006 zuwa 2014, ana yabonsa da tsimi. Rabi'u Kwankwaso ya yi gwamnan Kano sau biyu, an san shi da gadoji da tura ɗalibai karatu waje.

To ina tambayar ku, a majalisunmu da teburin mai shayi, wa ya tsaya ya auna waɗannan? Musu muka yi ta yi a kan addinin wannan da yaren wancan. Alhali Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin mai. Ba su ɓoye ba, mu ne ba mu tambaya ba: yaushe, ta yaya, wa zai ɗauki nauyin? Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce tallafi ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce dubu. Aka kuma saki naira ta nemi farashinta da kanta. Duk mai ɗauko kaya daga Kwari ko Singa a Kano ya san abin da kuɗin mota ya zama. Masu kare matakin sun ce tallafin yana cinye dukiyar ƙasa, yanzu jihohi na samun kaso mai tsoka. To sai mu tambayi jihohin ina kuɗin ya shiga.

A shekarar kuma cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna. Manomin Kachia da Jaba da ya rasa amfaninsa, shi ne mai sayen atamfata da sukarinka. Asararsa asararmu ce.

Saboda haka ina ba da shawara, kafin zaɓe mai zuwa mu riƙe tambayoyi uku. Na ɗaya, da aka ba shi amana a baya me ya yi, ya bar bashi ko ajiya? Na biyu, alkawarin da yake yi daga ina kuɗinsa zai fito? Na uku, me ya tanadar wa manomi da hanya da jirgin ƙasa, tunda tashar jirgi ce ta raya garin nan? Ba ma sayen buhu sai mun soka mun ga ƙwayar, kada mu sayi ɗan takara a ɗinke.

Na ƙarshe, 'yan uwa. Mun ga abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011, rayuka sun salwanta, kasuwarmu ta ƙone, wuta kuwa ba ta tambayi sunan mai rumfa ba. Mu yi musu a kan farashi da bashi da aikin yi, da mu da maƙwabtanmu Bajju da Fantswam da Kagoro, mu tashi lafiya mu buɗe shago da safe.

Allah Ya zaɓa mana shugaba mai tausayin talaka.