Diyyar Wanda Aka Yi Wa Ƙazafi

Ka san hukuncin wanda ya ɗauki buhun riɗin maƙwabcinsa: sai ya mayar, ko ya biya kuɗinsa. To, wanda ya ɓata wa mutum suna fa, da me za ya biya? Ga wani labari daga ƙasar Amurka, ka saurara.

A birnin Durham, cikin jihar Karolaina ta Arewa, akwai wata babbar makaranta, sunanta Jami'ar Duke. Samarinta suna wani wasan ƙwallo da sanda mai raga a baki, ana ce da shi lakros. Cikin watan Maris na 2006 wata mace ta kai ƙara, ta ce waɗansu daga cikin 'yan wasan sun yi mata fyaɗe. Aka tuhumi samari uku. Makaranta ta soke sauran wasannin shekarar, mai koya musu wasa ya rasa aikinsa, jaridu kuwa suka baza hotunansu ko'ina, tun alƙali bai ce kome ba.

Aka yi wa 'yan wasa 46 gwajin ƙwayoyin halitta, ba a sami alamar ko ɗayansu a jikin matar ba. Amma lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, Mike Nifong, ya ci gaba da shari'a, har ya ɓoye wani sashi na sakamakon gwajin, wanda da ya taimaki samarin. Sai a ran 11 ga Afrilu, 2007, babban lauyan jihar, Roy Cooper, ya tsaya a gaban jama'a ya ce samarin nan uku ba su da laifi.

Sa'an nan aka zo batun biya. Cikin Yuni na 2007 jami'ar ta yi sulhu da samarin, ba a kuwa bayyana yawan kuɗin ba. A watan nan kuma aka hana Nifong aikin lauya, daga baya ya yi kwana ɗaya a kurkuku. Samarin suka yi ƙarar hukumar birnin Durham, shari'a ta yi ta ja har 2014. Da aka daidaita, ba su karɓi ko kwabo daga birnin ba, sai aka ba da dala 50,000 ga hukumar jihar mai binciken waɗanda aka ɗaure bisa kuskure. Matar kuwa, sai a Disamba na 2024 ta faɗa da bakinta cewa ƙarya ta yi, ta roƙi gafararsu. Ka lissafa, shekara 18 ke nan.

Ka lura, samarin nan sun sami lauyoyi masu tsada. Duk da haka sun yi shekara guda cikin tsoro da kunya. Ina ga talaka, ɗan mai tsinkar auduga a Gezira, wanda ba shi da mai tsaya masa? Tun da yaƙi ya tashi a Sudan a 2023, an ga yadda kalma ɗaya, wai wane yana tare da su wane, ta kan jawo wa mutum halaka. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Kada ka ce, ashe duk mai kai ƙara maƙaryaci ne. A'a. Mata da yawa an cuce su da gaske, suna kuma tsoron faɗa. Mai ƙazafi yana cutar su ma, gama saboda ƙaryarsa a kan ƙi gaskata mai gaskiya. Abin da ya wajaba shi ne a ji ƙarar kowa, a bincika sosai, kāna a yanke.

Littafi Mai Tsarki bai ƙyale wannan al'amari ba. Yusufu ya sha kurkuku a Masar saboda ƙagen matar maigidansa. Shari'ar Musa ta umarta a ɗora wa mai shaidar zur irin hukuncin da ya nema wa ɗan'uwansa. Zakka kuma, mai karɓar haraji a Yariko, ran da Yesu ya sauka gidansa, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zambata. Ba wanda ya kai shi kotu. Tubansa ne ya buɗe jakarsa.

To, kai fa? Wataƙila ka taɓa cewa yaron shagonka ya taɓa maka kuɗi, ka kore shi, daga baya kuɗin suka fito a aljihun wata rigarka, ka yi shiru. Wataƙila a rumfar mai shayi ka ƙara wa wata magana gishiri, har aka fasa auren 'yar wani. Kada ka jira shekara 18. Ka tafi wurinsa ka faɗi laifinka. Ka biya shi abin da ya rasa, ladan aikinsa da ribar cinikinsa. Sa'an nan ka koma daidai inda ka ɓata sunan, a gaban mutanen da suka ji, ka gyara shi da bakinka. Kuɗi kaɗai ba za su wanke shi ba, amma ban haƙuri hannu wofi, alhali kana da abin biya, tuba ce rabi.

In kuwa kai ne aka yi wa ƙagen, ka nemi hakkinka wurin dattawa ko alƙali, ba laifi ba ne. Sai dai kada ka rama da ƙarya. Allah ya san gaskiyarka tun ba wanda ya yarda da ita.

Allah shi tsare harshenmu, shi ba mu ƙarfin hali mu mayar wa kowa hakkinsa. Amin.