A Fara Cire Lignin Kafin a Nemi Sukari



Kowa a fanninmu ya san lignin shi ne ke ɗaure zaren selulos ya ba itace da kara ƙarfinsu, kuma yakan kai kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na busasshen tsiro, don haka ba zan tsaya a nan ba. Saɓanina da wasu abokan aikina ya daɗe. Duk lokacin da aka zauna tsara bincike kan karan dawa ko totuwar masara, hankalinsu na kan sukarin da za a mayar itanol, lignin kuwa dusa ce da za a watsa a wuta. Haka masana'antun takarda na duniya suke yi: suna fitar da lignin tan miliyan 50 ko fiye a shekara, kusan duka a ƙone shi don samun tururi. Alhali babu wani abu da ke tsirowa a doron ƙasa mai ɗauke da zoben benzin da yawa kamarsa, zoben da muke samowa daga man fetur don yin fenol, gam, roba da magunguna.

Za a ce mini an gwada an gaza. Gaskiya ne, amma a duba da wane lignin aka gwada.

Ƙwayoyin lignin suna haɗe da juna ta ɗauri iri-iri. Mai saukin kuncewa shi ne wanda ake kira β-O-4, kuma a itace irin su birch ya fi rabin dukkan ɗaurin. Kafin ƙwaya ɗaya ta kuɓuta, dole a kunce ta hagu da dama. Ku yi lissafin da kanku. Idan 70 cikin ɗari na ɗaurin masu kuncewa ne, 0.7 sau 0.7, za ka samu kusan 49 cikin ɗari. Idan suka sauka zuwa 10, abin da za ka samu 1 ne cikin ɗari. Dafuwar kiraft ta masana'antun takarda, wadda Carl Dahl ya ƙirƙiro a 1879, tana tsinka wannan ɗauri a cikin soda mai zafi, sai gutsattsarin su sake manne wa juna, kabon da kabon, ɗaurin da ba ya kuncewa da daɗi. Wanda ya ɗauko wannan baƙin saura ya ce lignin ba ya farfasuwa, ƙanzo ya kankaro daga gindin tukunya yana neman tuwo.

Tawagar Bert Sels a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam ta juya tsarin. Suna dafa garin itacen birch a metanol da iskar haidirojin da ƙarfen rutheniyam, a zafi kusan digiri 250, ta yadda duk gutsuren da ya ɓalle za a toshe masa baki kafin ya manne wa ɗan'uwansa. Sun samu kusan rabin lignin ɗin a matsayin ƙwayoyi ɗai-ɗai, daidai da lissafinmu, selulos kuma ya fito lafiya lau. A 2020 suka wallafa a mujallar Science yadda suka kai shi ga fenol da furofilin. Jeremy Luterbacher a Lausanne ya cimma irin wannan a 2016 ta hanyar kare ɗaurin da fomaldihaid. Masu cewa babu riba kuma, kamfanin Borregaard a Sarpsborg ta Norway yana sayar da sinadarin ƙamshin banila daga lignin tun 1962.

Na san kara ba shara ba ne a wurinmu. Ana danni da shi, ana girki, dabbobi na ci. Ban ce a ƙwace shi ba. Akwai tuƙar rake a Numan, akwai ɓuntun shinkafa jibge a bayan injinan casa, ko da yake yawan silikarsa zai wahalar da mu.

Abin da nake nema shekara da shekaru bai canza ba. A daina amincewa da binciken digiri kan itanol wanda bai faɗi makomar lignin ba. A haɗa kuɗi a sayi tukunyar matsi ɗaya mai kyau da jami'o'i uku ko huɗu za su riƙa amfani da ita. Kafin komai, a auna yawan β-O-4 a karan dawa, gero da tuƙar rakenmu, a gwada nikel a madadin rutheniyam mai tsada.