Daren Da Na'urar Numfashi Ta Ƙi Yin Amfani



A 1981 ne Colin Sullivan na Jami'ar Sidni, ta Ostareliya, ya bayyana na'urar CPAP, wadda ke tura iska ta hanci don kada maƙogwaro ya rufe cikin barci. To, sai mai amfani da ita ya yi watanni lafiya lau, ran nan kwatsam ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, na'ura ta nuna numfashinsa ya katse, a ce, sau 15 cikin awa, alhali a da bai kai 5 ba.

Kada ya yi gaggawar taɓa ƙarfin iskar. Ya fara duba takunkumin fuska, domin robarsa kan saki in ta tsufa ko ta sha maiƙo, iska ta riƙa zurarewa. Sa'an nan ya duba ko yana mura. Hanci in ya toshe baki kan buɗe, iskar ta fice ta nan. A wajenmu hunturu na da babban laifi, ƙura ta cushe matatar na'ura, hanci kuma ya bushe. Kwanciyar rigingine kan jawo harshe baya. Barasa da ƙwayar barci kuwa su sassauta maƙogwaro.

Abin da nake tsoro shi ne mutum ya jingine na'ura saboda dare guda, ya kama tuƙi yana gyangyaɗi. In abin ya yi ta maimaituwa har mako, sai a kai wa likita bayanan da na'urar ta ajiye, shi ya daidaita iskar.