Idan Na'ura Ta Ce Babu Jadawali



A shekarar 1970 ne Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da dabarar adana bayanai cikin jadawalai, kowanne da sunansa. To, a ce magatakarda a Dutse ya nemi jerin malaman firamare na mazaɓar Limawa domin biyan albashi, sai na'ura mai ƙwaƙwalwa ta ce babu wannan jadawali. Lambar wannan kuskure a Oracle ita ce ORA-00942, a MySQL kuwa 1146.

Abubuwa huɗu ya kamata a bincika bi da bi. Na farko, rubutun sunan: MySQL a kan Linux yakan bambanta babban baƙi da ƙarami, watau "Limawa" daban, "limawa" daban. Na biyu, mai yiwuwa jadawalin yana wani rumbun, an ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Na uku, izini, domin Oracle yakan ba da wannan amsa ga wanda ba a yarje masa duba jadawalin ba, alhali kuwa yana nan daram. Na huɗu, ko an share shi, ko an sake masa suna. In sharewa aka yi, sai a koma ga kwafin ajiya.

Babban haɗarin shi ne a ƙirƙiro sabon jadawali da sunan tsohon. Saƙon kuskure zai ɓace, amma jadawalin fanko ne, malamai su wayi gari babu sunansu a takardar albashi. Saboda haka a tambayi mai kula da rumbu kafin a taɓa kome.