ELI YA JI, AMMA BAI HANA BA

Karatunmu: 1 Sama'ila sura 2 da ta 3, 2 Sama'ila sura 13.

 Gaisuwa ta musamman ga masu bi na Babban Duhu da ƙauyukan kewaye, da waɗanda rashin zaman lafiya ya kora zuwa Batsari da Safana da Dutsin-Ma. Ubangiji ya san inda kowannenku ya kwana.

Maganar da za mu yi yau tana da nauyi a baki. Bahaushe yana jin kunyar ambatonta, mai bi kuwa ya fi. Maganar manya masu lalata da ƙananan yara ce, da kuma sauran manya waɗanda suka sani suka yi shiru. Muna roƙonku kada ku kashe rediyo. Gama abin da muka ƙi faɗi a majami'a, 'ya'yanmu suna ɗauke da shi a zuci.

Bari mu soma da wani labari daga nesa. A ƙasar Amurka akwai wata babbar makaranta, Jami'ar Jihar Pensilbaniya. Sunanta ya fita ƙwarai wajen wasan ƙwallon ƙasar, irin wanda ake rungume ƙwallo a ruga da shi. Filin wasanta yana cin mutum fiye da 100,000. Akwai wani mutum a can, Jerry Sandusky, wanda ya yi shekara 30 yana koya wa 'yan wasan jami'ar, daga 1969 zuwa 1999. A 1977 ya kafa ƙungiyar taimakon yaran da ba su da galihu. Sunan ƙungiyar ma daga koyarwar Ubangijinmu aka ɗauko shi, wato zancen tafiya mil na biyu. Yana zuwa sujada. Ya ɗauki yara shida ya riƙe kamar shi ya haife su. Yana ba yara kyauta, yana kai su kallon wasa, yana kwana da su a gidansa. Iyaye matalauta suna godiya. Ashe kura aka ba ajiyar nama.

A 1998 wata uwa ta kai ƙara, 'yan sanda suka bincika, aka rufe maganar. A 2000 wani mai shara ya gan shi da wani yaro a ɗakin wankan 'yan wasa, amma tsoron rasa aiki ya hana shi da abokan aikinsa kai rahoto. A Fabrairun 2001 wani ƙaramin ma'aikaci ya gan shi da yaro ɗan wajen shekara 10 a ɗakin wanka. Kashegari ya je ya gaya wa shugaban masu koyar da wasan, Joe Paterno, dattijon da jihar duka take girmamawa. Paterno ya gaya wa na gaba da shi, magana ta kai har ga shugaban jami'a. Ba wanda ya kira 'yan sanda. Ba wanda ya nemi yaron nan ya tambaye shi sunansa. Abin da suka yi shi ne suka ce wa Sandusky kada ya ƙara kawo yara cikin gine-ginen jami'a. Wato ya je ya yi a wani wuri ke nan.

Haka kuwa ya yi. Sai a 2008, da wani yaro ɗan sakandare ya buɗe baki, aka soma bincike na gaske. Aka kama shi a Nuwamban 2011. Ranar 22 ga Yuni, 2012, kotu ta same shi da laifi 45 cikin 48 da aka tuhume shi da su, a kan yara 10. Aka ɗaure shi shekara 30 zuwa 60, yana da shekara 68 da haihuwa, ko da yake bai amsa laifin ba. Paterno, bayan shekara 46 yana shugabancin wasan, aka kore shi cikin dare ɗaya. Ya ce da ma ya yi fiye da abin da ya yi. Ya mutu a Janairun 2012, bayan wata shida aka tumɓuke mutum-mutuminsa daga bakin filin wasa. Binciken da jami'ar ta sa tsohon shugaban hukumar FBI, Louis Freeh, ya yi, ya ce manyan nan huɗu sun ɓoye maganar don gudun ɓacin suna. Iyalin Paterno sun yi musun wannan, shi ma ba a kai shi kotu ba. Amma sauran ukun, a 2017 an yanke musu ɗauri saboda sun bar yara cikin haɗari. Jami'ar ta biya waɗanda aka cuta fiye da dala miliyan 100. Sunan da suka yi ta tattali, shi ne ya fara zubewa.

To, 'yan'uwa, ba sabon abu ba ne. Eli babban firist ne a Shilo, ya shugabanci Isra'ila shekara 40. Ba a ce shi ya yi lalata ba. 'Ya'yansa ne, Hofni da Finehas, suke kwana da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Eli ya ji. Ya kira su, ya yi musu faɗa da baki, ya bar su a bakin aikinsu. Da Allah ya tashi yanke hukunci, laifin da ya ɗora wa Eli shi ne ya sani bai hana ba, ya kuma fifita 'ya'yansa a kan Allah. Ku lura kuma da wanda Allah ya ba saƙon: yaro ƙarami, Sama'ila, wanda ya kwana yana tsoron faɗa. A nan Eli ya yi abu ɗaya daidai, ya kira yaron, ya saurare shi har ƙarshe.

A gidan Sarki Dawuda ma haka. Amnon ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe. Ta yayyage rigarta, ta zuba toka a ka, ta fita tana kuka a fili. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru, ai maganar gida ce. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai ɗaga ko yatsa ba. Tamar ta zauna a kaɗaice, ranta a ɓace. Shirun nan bai kawo salama ba, gama bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, gidan sarki ya tsage.

Watakila wani a Babban Duhu ya ce, "Fasto, wannan ai halin Turawa ne. Mu nan damuwarmu 'yan bindiga ce." Gaskiya ne, mun sha wuya daga dajin Rugu. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disamban 2020 ba. Amma ɓarawon daji muna jin ƙarar baburinsa mu ɓoye yara. Wannan kuwa da sallama yake shigowa, mu shimfiɗa masa tabarma. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF sun yi bincike a Nijeriya, suka tarar cikin 'yan mata huɗu ɗaya, cikin yara maza goma ɗaya, an ci zarafinsu ta wannan hanya kafin su kai shekara 18. Waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. A Oktoban 2019, nan cikin jiharmu, 'yan sanda sun buɗe wani gidan mari a Daura, suka fito da mutum 67, har da yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa, suna ba da labarin duka da lalata. Iyaye ne da hannunsu suka kai su don a gyara musu hali. A Yunin 2020 gwamnonin ƙasar nan duka suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe.

Kada mai bi ya ji wannan ya nuna maƙwabcinsa da yatsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma za mu furta namu. Shekarun baya, a wata ekklesiya da muka yi wa hidima, wata gwauruwa ta zo mana da 'yarta, ta ce mai koya musu waƙa ya taɓa yarinyar. Mutumin mai ba da baiko ne da yawa, danginsa suna cikin dattawa. Muka zauna, muka ce me arna da Musulmi za su ce in suka ji? Muka sa shi horo wata shida, aka ba uwar 'yan kuɗi, muka roƙe ta ta yafe. Ya ƙaura wani gari da takardar shaida mai kyau. Bayan 'yan shekaru muka ji ya sake yi a can. Gwauruwar nan ba ta ƙara taka majami'a ba. Mun karanta tauhidi, mun ci jarrabawa a kan littattafan Sama'ila, amma ranar da aka gwada mu, kujerar Eli muka hau. Mun nemi gafarar Allah, mun nemi ta matar. Yarinyar can garin kuwa, alhakinta yana wuyanmu.

Me ya sa mutanen kirki sukan yi shiru? Na ɗaya, tsoron babba, kamar mai sharan nan. Na biyu, rufin asiri: kada sunan gida ya ɓaci, kada yarinya ta rasa miji, kada a zagi ekklesiya. Na uku, mun rikita gafara da hukunci. Gafara tsakanin mai tuba da Allah take, kuma wanda aka cuta shi ke da ikon yafewa a lokacinsa, ba dattawa ne za su matse shi ba. Amma gafara ba ta soke shari'a. Ɓarawon da ya tuba a kan gicciye an karɓe shi, duk da haka bai sauko daga gicciyen ba. Manzo Bulus ya koya mana cewa hukuma ma'aikaciyar Allah ce don hukunta mai mugunta. Ubangijinmu kuwa, mai tawali'u, da ya zo kan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe, zancen dutsen niƙa a wuya da zurfin teku ya yi.

Yanzu fa me za mu yi?

Na fari, mu saurari yaro. In ya faɗa, kada a daka masa tsawa, kada a ce ƙarya yake yi, kada a doke shi. A ce masa ya yi daidai da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Yaro ba kullum yake faɗa da baki ba. In ya soma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi zuwa gidan da dā yake ɗokin zuwa, ko aka gan shi da kuɗin da ba a san mafarinsu ba, a zauna da shi a hankali.

Na biyu, asibiti nan da nan, ko na Batsari ko na Dutsin-Ma, ko wanda ya fi kusa. Akwai maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau in an soma sha kafin awa 72 su cika. Kada a wanke tufafin yaron, gama shaida ce.

Na uku, a kai ƙara wurin hukuma. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokokin jiha sun ɗauki wannan babban laifi. Ba maganar da za a kashe a zauren mai unguwa ba ce, ko a ofishin fasto. Horon ekklesiya yana da wurinsa, amma ba ya maye gurbin kotu. In uwar tana jin tsoro, dattijo biyu da shugabar zumuntar mata su raka ta. Haka ma kada a ɗauki doka a hannu, kada a yanke wa mutum hukunci da jita-jita. Aikin masu bincike ne su tabbatar.

Na huɗu, mu toshe tsagar bango tun ƙadangare bai shiga ba. Kada babba ɗaya ya kaɗaita da yaro a ɗaki a rufe, ko malamin makarantar Lahadi ne, ko mai koyar da waƙa, ko mai koya wa yara ƙwallo a filin firamare, ko fasto da kansa. In za a kai yara taro ko wasa wani gari, manya biyu ko uku su tafi, mace a cikinsu. Baƙon da ya zo neman aikin yara, a tambayi inda ya fito. Mu kuma masu rubuta takardar shaida, mu ji tsoron Allah. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyar, mu dubi 'ya'yan 'yan gudun hijira da marayu. Sandusky ba 'ya'yan masu kuɗi ya nema ba, yaran da ba uba a gida ya zaɓa. Yarinyar da ke talla har dare a tasha, da yaron da ke kwana a shagon wani don yunwa, su ne a bakin kura. Kwanon tuwo daga gidan mai bi yana iya rufe wannan ƙofa.

Ke da kike saurare, ko kai, wanda aka yi wa wannan tun kana ƙarami, har yau ba ka gaya wa kowa ba: ba kai ne ka ƙazantu ba. Kunyar ta wanda ya aikata ce. Allah bai shafe sunan Tamar daga Littafinsa ba, bai kuwa ɓoye kukanta don kare sunan sarki ba. Nemi mai bi amintacce ka faɗa masa. Kai kuma mai aikatawa, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Tuban gaske shi ne ka rabu da yara yau, ka furta, ka miƙa kanka ga shari'a.

Sunan garinmu Babban Duhu, amma an kira mu mu zama haske. Bari mu yi addu'a.

Ya Uba, Uban marayu, mun yi zunubi da shirunmu. Mun ji tsoron mutane fiye da kai. Ka gafarta mana. Ka warkar da yaran da aka cuta, a nan da ko'ina. Ka ba iyaye kunnen ji, ka ba dattawa ƙarfin hali, ka ba alƙalai gaskiya. Ka tsare ƙasar Batsari da Safana daga mugun daji da mugun gida. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya bar mu da rai. Ku huta lafiya.