Zaman Bangaskiya a Birnin Zariya: Dogara ga Allah da Begen Sama

Jawabin da aka gabatar a taron zumunta na watan Nuwamba

  Mun san waɗansunku sun rufe shago, waɗansu kuma sun bar aikin gida domin su halarci wannan taro. Allah ya sa albarka.

Kamar yadda muka sani, ranar 1 ga Nuwamba Ikilisiya takan yi idin dukan waliyyai, washegari kuma ta yi addu'a domin dukan masu bi da suka riga mu gidan gaskiya. Ta jera kwanakin nan biyu ne domin ta tuna mana inda muka dosa. Saboda haka tambayarmu ta yau ita ce: yaya ɗan Katolika da yake zaune a cikin birnin Zariya, ko yake neman abincinsa a ciki, zai riƙe bangaskiyarsa daga Litinin zuwa Asabar, ba ranar Lahadi kaɗai ba?

Inda Allah ya ajiye mu

Ba sai an faɗa mana ba, mu kaɗan ne a cikin birni. Wani tela ne, wata ma'aikaciyar jinya, wani makaniki, wata malamar makaranta, yawancinmu kuma 'yan haya. Ranar Lahadi sai mu fita ta Ƙofar Doka mu nufi Tudun Wada ko Sabon Gari domin hadayar Mas, mu dawo unguwar da wataƙila babu wani gida mai bi sai namu. Wani lokaci ɗanka zai dawo daga wasa ya tambaye ka, "Baba, don me mu kaɗai ne daban?" Tambayar tana da nauyi, bai kamata mu kore ta da tsawa ba.

Mu gaya wa 'ya'yanmu cewa bishara ba jiya ta shigo garin nan ba. A cikin ganuwar nan Likita Walter Miller, ɗan mishan na Angilika, ya zauna tun daga 1905, yana jinyar marasa lafiya yana koyar da yara, kafin a mai da aikin Wusasa a 1929. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. A gefenmu na Katolika, Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna a Fabrairu 1982 ya naɗa firistoci. Ranar 5 ga Disamba 2000 aka fitar da Dayosis na Zariya daga na Kaduna, Bishop George Dodo ya zama makiyayinsa na farko har rasuwarsa a 2022, aka naɗa Bishop Habila Daboh ya gaje shi a 2023. Muna da asali, muna da iyaye cikin bangaskiya.

Ga wa muka dogara?

Mutanen dā sun gina ganuwa da gumi, suka yi mata ƙofofi, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Tukur-Tukur da sauransu, domin mutum ya kwanta ya yi barci. Yau ku zagaya ku gani: ruwan sama ya ci wani gefe, an gina gidaje a wani. Haka duk abin da mutum ya jingina da shi a duniya yake, ko albashi ne, ko lafiyar jiki, ko sanin wani babba.

Dattawanmu ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da rikicin da ya faro daga Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u da dama. Mu ma ba mu manta da Lahadi 17 ga Yuni 2012 ba, ranar da aka kai harin bam a babbar majami'armu ta Almasihu Sarki a Sabon Gari da kuma majami'ar ECWA a Wusasa, aka rasa rayuka. Ba don tayar da tsohon miki muka tuna da waɗannan ba. Mun tuna ne domin bayan irin wannan, jarabobi biyu sukan zo wa mai bi. Ta farko tsoro, wanda yakan sa mutum ya daina zuwa sujada, ya ɓoye sunansa na baftisma. Ta biyu ƙiyayya, wadda takan sa ya ɗauki kowane maƙwabci a matsayin maƙiyi. Ramuwar gayyar da ta biyo bayan harin 2012 a Kaduna ba ta ta da matacce ko ɗaya ba, sai dai ta ƙara yawan marayu. Akwai kuma a cikinmu waɗanda maƙwabtansu Musulmi ne suka buɗe musu ƙofa a ranar tashin hankali. Wannan ma tarihi ne, dole mu faɗa wa yaranmu shi.

Dogara ga Allah ba naɗe hannu ba ne. Manomi yakan yi shuka, ya yi noma, sa'an nan ya jira ruwan da ba shi da iko a kansa. Mu ma mu kulle ƙofa, mu kai yaro asibiti, mu nemi halak ɗinmu, amma zuciya ta kwanta a hannun Uban da ya san bukatunmu tun ba mu roƙa ba.

Daga Litinin zuwa Asabar

To, me za mu yi a zahiri? Bari mu kawo abubuwa huɗu.

Na ɗaya, addu'a a kan lokaci. Ikilisiya ta ba mu addu'ar Mala'ikan Ubangiji da ƙarfe shida na safe, da sha biyu na rana, da shida na yamma. Ba mu jin ƙararrawar majami'a a cikin birni, amma muna jin kiran salla sau biyar kowace rana. Maƙwabcinka ya bar shagonsa ya tafi masallaci, kai kuwa ka kasa tsayawa na minti uku? Himmarsa ta zama mana tuni. Da dare kuma iyali su taru su yi Rosari, ko da goma ɗaya ce, da harshen da yara suke ji.

Na biyu, gaskiya a sana'a. Yawancin mutanen unguwarmu ba za su taɓa shiga majami'a ba. Abin da za su sani game da Almasihu, a wurinmu za su gani. Idan tela ya ce Alhamis, ta zama Alhamis. Mai awo ya cika mudu. Wadda ta kwashi adashi ta ci gaba da zubi. Wanda ya ci bashi ya biya, in ya kasa ya je da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Rosari a wuya da ha'inci a hannu, ɓata sunan Ubangiji ne.

Na uku, maƙwabtaka. Mu riga gaisuwa. Mu je barka, mu je biki, mu je gaisuwar mutuwa mu zauna a tabarma tare da mutane. Tuwon Salla ya shigo gidanmu, shinkafar Kirsimeti ta fita. Idan aka tambaye mu abin da muka gaskata, mu amsa da ladabi, ba gardama, ba kuma kunya.

Na huɗu, kada mu yi nesa da Jibin Ubangiji da furta zunubi a gaban firist. Garwashin da aka ware daga murhu ba ya daɗewa.

Begen sama

'Yan'uwa, duk waɗannan ba za su yiwu ba idan muna zaton nan ne ƙarshen tafiya. A wasiƙarsa kan bege ta 2007, Paparoma Benedict na Sha Shida ya ba da misali da Waliyiya Josephine Bakhita. 'Yar Darfur ce a Sudan. Tana ƙarama aka sace ta, aka sayar da ita hannu zuwa hannu, har ta manta sunan da iyayenta suka sa mata. A Italiya ta san Almasihu, aka yi mata baftisma a 1890, ta zama sista. Shekaru da yawa aikinta girki ne da tsaron ƙofa, har ta rasu a 1947. An sa ta cikin waliyyai a shekara ta 2000, shekarar da aka kafa dayosis ɗinmu. Ba ta gina majami'a ba, ba ta yi mulki ba. Ta san dai akwai Ubangijin da ya san ta, yana kuma jiranta, wannan ya hana tabon bulala ya zama ƙiyayya a zuciyarta.

A sura ta 21 ta Ru'ya ta Yohanna an kwatanta mana gidanmu na ƙarshe da birni mai ganuwa da ƙofofi goma sha biyu, waɗanda ba a rufewa. A can babu ɗan gari babu baƙo, babu mai fita nesa domin ya yi sujada. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda ya san shi baƙo ne ba ya sayar da lahirarsa saboda kuɗin haya, ba ya kuma kwana da gaba.

Roƙonmu ga dattawa

Muna da roƙo uku. Akwai tsofaffi da gwauraye mata a cikin birni da suka daina zuwa Mas saboda kuɗin Keke Napep ya fi ƙarfinsu; mu ware wani abu daga baikonmu domin su. A rubuta sunayen marasa lafiya a ba Fada, domin a kai musu Jibin Ubangiji a gida. Sa'an nan kowane dattijo ya ɗauki gida ɗaya na matasa ya riƙa leƙa su, musamman masu yara da ke shirin baftisma. Kafin watan nan ya ƙare kuma, kowane iyali ya sa a yi Mas domin mamatansa.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba Zariya da ƙasarmu zaman lafiya, ya riƙe mu cikin bangaskiya har ranar da za mu gan shi ido da ido. Uwarmu Budurwa Maryamu ta yi roƙo dominmu. Amin.