Awon Magani Cikin Jini Wajen Kula da Ciwon Soriyasis

Wannan jawabi ya shafi wani ciwon fata da likitoci ke kira soriyasis, da sababbin allurai da ake yi dominsa, da kuma dalilin da ya sa likita kan ɗebi jinin mai ciwo don ya san yawan maganin da ya rage a jikinsa.

MENE NE SORIYASIS?

Fatar mutum mai lafiya takan sabunta kanta cikin kamar kwana 28. Ga mai soriyasis kuwa, garkuwar jiki ce ke rikicewa ta riƙa zuga fata, sai sabuntawar ta auku cikin 'yan kwanaki kaɗan. Saboda haka fata takan taru ta yi kauri, ta yi faci-faci masu ɓamɓaroki, galibi a gwiwar hannu da ta ƙafa, da fatar kai, da ƙugu. A jikin baƙar fata facin yakan yi duhu, ɓamɓarokin kuma ya yi toka-toka. Wani lokaci ciwon yakan ɓata farce, wasu kuma ya kama musu gaɓoɓi su kumbura. Yakan tsananta lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busar da fata.

Lalle ne jama'a su sani cewa wannan ciwo dabam yake da kuturta da makero da ƙazuwa, kuma ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya. Ƙyamar mai shi zalunci ne. A shekarar 2014 Babban Taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa soriyasis ciwo ne mai tsanani, kuma an keɓe ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da masu fama da shi.

SABABBIN ALLURAI

Yawancin masu ciwon man shafawa ya ishe su. Wasu sai an haɗa musu da hasken fitila ta musamman, ko ƙwayoyi irin su metotireksat. In duk wannan bai yi ba, sai a koma ga magungunan da ake kira bayolojik, watau waɗanda ake samarwa daga ƙwayoyin halitta masu rai. Kowannensu yana toshe saƙo guda daga cikin saƙonnin da garkuwar jiki ke aikawa don ta da kumburi.

A Amurka an yarda a yi amfani da infiliksimab don soriyasis a 2006, da adalimumab a 2008, da ustekinumab a 2009, da sekukinumab a 2015. Adalimumab allura ce ta ƙarƙashin fata, miligiram 40 kowane mako biyu bayan allurar farko ta miligiram 80. Infiliksimab kuwa ta jijiya ake ƙara shi, bisa ga nauyin mutum, kowane mako 8 bayan zagayen farko. Waɗannan magunguna suna da tsada ƙwarai, don haka kowace allura da aka yi ba ta amfana ba hasara ce babba ga iyali.

DALILIN AWON JINI

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Likita yana duban fata da ido ya ƙiyasta tsananin ciwo bisa wani ma'auni mai maki daga 0 zuwa 72, kuma akan ce magani ya ci in makin ya ragu da kashi 75 cikin ɗari. Amma abin da ke cikin jini ido ba ya ganinsa, sai an kawo mudu.

Mutum biyu za a yi musu allura iri ɗaya rana ɗaya, bayan mako biyu a tarar jinin ɗaya cike da magani, na ɗayan kuwa saura kaɗan. Mai ƙiba yakan samu ƙasa da abin da siriri ke samu. Wanda ciwonsa ya yi tsanani jikinsa yakan cinye maganin da sauri. Daɗin daɗawa, jikin wasu yakan ɗauki maganin tamkar baƙon abu, ya ƙera masa makamai masu kama shi su fitar da shi kafin ya yi aiki. Wannan ya fi aukuwa da infiliksimab da adalimumab, kuma haɗa su da metotireksat yakan rage shi.

Akan ɗebi jinin ne dab da lokacin allura ta gaba, domin a sa'an nan ne magani ya fi ƙaranci a jiki. In an tarar ya yi ƙasa ainun, sai a ƙara binciken ko jiki ya ƙera waɗancan makamai.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A 2015 likitoci a ƙasar Holan suka bayyana cewa adalimumab ya fi amfani in yawansa ya tsaya tsakanin maikirogiram 3.5 da 7 cikin kowane mililita na ruwan jini. A 2019 wani bincike a Birtaniya, kan mutane fiye da 500, ya sami kusan haka: ƙasa da 3.2 amfani yakan yi wuya, kuma 7 shi ne abin da ya dace a nufa.

A ƙasar Norwe an yi gwaji biyu kan infiliksimab, aka buga sakamakonsu a 2021, kuma masu soriyasis suna cikin waɗanda aka gwada tare da masu ciwon gaɓoɓi da na hanji. A gwajin farko, awon jini a farkon fara magani bai ƙara yawan waɗanda ciwonsu ya lafa ba. A na biyu kuwa, wanda ya shafi waɗanda suka daɗe kan magani, kimanin kashi 74 cikin ɗari na waɗanda ake auna musu jini sun cika shekara ciwo bai tashi ba, alhali a ɗaya rukunin kashi 56 ne. Hujjar awo ta fi ƙarfi ga waɗannan magunguna biyu, shi ya sa ba a wajabta shi ga kowace allura ba.

YADDA LIKITA KE AMFANI DA SAKAMAKO

Na ɗaya, in ciwo bai lafa ba, magani ya yi ƙasa, kuma babu makaman da jiki ya ƙera, sai likita ya tambaya ko ana tsallake allura, ko ajiyarta ba daidai ba ce. In babu ko ɗaya, yana iya matso da lokacin allura.

Na biyu, in magani ya yi ƙasa kuma makaman sun yi yawa, ƙara allura ɓarnar kuɗi ce. Sai a sauya wani magani, ko da daga dangi ɗaya ne.

Na uku, in magani ya wadata cikin jini amma fata ba ta gyaru ba, to, alama ce saƙon da aka toshe ba shi ne ke hura ciwon ba. Sai a koma ga wani dangin magani.

Na huɗu, in fata ta washe kuma magani ya yi yawa, likita yana iya tsawaita tazarar allura da lura, a rage kashe kuɗi. Wannan hukunci nasa ne shi kaɗai.

GARGAƊI GA JAMA'A

Waɗannan allurai suna rage ƙarfin garkuwar jiki, kuma tarin fuka yana da yawa a Nijeriya. Wajibi ne kafin a fara a bincika tarin fuka, har wanda ke kwance bai nuna alama ba, da ciwon hanta, da ƙanjamau. Wanda ke kan magani in ya ga tari mai naci, ko zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, ya garzaya asibiti.

A ajiye allura cikin firji, a sanyi mai digiri 2 zuwa 8, kada a bari ta daskare. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a shawarci mai harhaɗa magani tun kafin a saya, domin allurar da zafi ya lalata ba ta da amfani. A saya daga kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC. A riƙe ɗan littafi ana rubuta ranar kowace allura, gama in ba a san ranar ta ƙarshe ba, sakamakon awo zai ɓad da likita.

Har ila yau, a guji shan ƙwayoyin sitiroyid ko shafa mayukansu ba da izinin likita ba, domin ciwon yakan dawo da ƙarfi in an daina. Maganin kulorokwin ma yana iya tayar da shi.

Ba kowane asibiti ke da kayan wannan awo ba. Mai bukata ya nemi likitan fata a asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya mafi kusa, ya tafi da littafin allurarsa, ya kuma tambaya ko awon ya dace da irin maganin da ake yi masa.